Gudun Agaji a Cikin Tsaunuka: Yadda Ake Shiri da Yadda Ake Kaiwa Ƙarshe Lafiya

Gudun agaji shi ne shiga gasar gudu domin tara wa wata ƙungiyar agaji gudummawa. Wanda ya saba da gudun fanfalaki a kan kwalta, mai kilomita 42 da 'yan kai, yakan ɗauka cewa kilomita 50 a cikin tsaunuka ƙarin kilomita takwas ne kawai. Wannan lissafin shi ke fara jefa mutane cikin wahala. A tsauni, sa'o'in da za ka yi a kan ƙafafunka su ne abin ƙirgawa, sai tsayin da za ka hau, sai kuma nisan da ke tsakaninka da mota ko likita idan wani abu ya same ka. Duk shirin da za ka yi, ka gina shi a kan waɗannan ukun.

Fara da karanta hanyar

Kafin ka biya kuɗin rajista, nemi taswirar hanyar da zanen hawa da gangararta. Lamba biyu za ka duba: tsawon hanyar, da jimillar mitocin hawa. Masu gudun daji suna da hanya mai sauƙi ta haɗa su: kowace mita 100 ta hawa a ɗauke ta a matsayin kilomita ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ke nan hanya mai kilomita 50 da hawan mita 2,400 za ta ci ƙarfinka kamar kilomita 74. Akwai kuma tsohon lissafin da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892 domin masu tafiya a ƙasa: sa'a ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Da wannan lissafin, waccan hanyar za ta ɗauki mai tafiya sa'a 14. Ka riƙe wannan adadin ko da kana da niyyar gamawa cikin sa'a tara, domin idan ƙafa ta sami matsala tun da wuri, shi zai zama lokacinka na gaskiya, kuma dare zai riske ka.

Bayan nan sai tashoshin da ake rajistar wucewa da ba da ruwa. Ina ne tazara mafi tsawo tsakanin tasha da tasha? Wace tasha ce mota ke iya kaiwa, wace ce sai da ƙafa? Ƙarfe nawa ake rufe kowace tasha? Rubuta waɗannan a ƙaramar takarda, ka saka ta cikin leda, ka ajiye a aljihun gaba.

Ka tambayi masu shirya gudun kai tsaye: masu ceto nawa ne a kan hanya, da me suke magana da juna inda babu sabis ɗin waya, akwai masu bin bayan na ƙarshe, kuma wane irin yanayi ne zai sa su tsayar da gudun. Wanda ya shirya aikinsa da kyau zai amsa ba tare da kame-kame ba. Idan amsar ta zama "kada ka damu", to ka damu. Ka duba batun inshora ma, don a wasu ƙasashe wanda aka ceto shi ke biyan kuɗin jirgi mai saukar ungulu.

Kuɗin agajin

Kuɗin rajista daban, gudummawa daban. Na farko yakan tafi ne wajen shirya gudun, na biyu shi ne na masu buƙata. Ka san wanne ne wanne, kuma ka faɗa wa masu ba ka gaskiyar hakan. Tabbatar cewa ƙungiyar agajin da kake tara wa kuɗin tana da rajista da hukuma a ƙasar da take aiki, kuma tana fitar da bayanin yadda take kashe kuɗi. Wasu ƙungiyoyin suna ba da gurbin shiga gudun ne da sharaɗin mutum ya tara wani adadi kafin wata rana. Karanta abin da zai faru idan ba ka cike adadin ba: akwai inda za a janye gurbin, akwai inda kai za ka cike daga aljihunka.

Ya fi kyau kuɗin su shiga ta shafin tara gudummawa da ƙungiyar ta amince da shi, su wuce asusunta ba tare da sun bi ta hannunka ba. Wanda ya ba ka a hannu, rubuta sunansa da adadin nan take, ka zuba, ka nuna masa shaida. Ka fara nema tun watanni uku ko huɗu kafin ranar, kana gaya wa mutane takamaiman abin da kuɗin za su yi.

Shawara ɗaya da ba mu wasa da ita: kada ka karɓi alkawarin gudummawa a kan kowace kilomita, ko a kan sai ka kai ƙarshe. Irin wannan alkawarin shi ke sa mutum ya ci gaba da ɗingishi a kan karaya, ko ya wuce tasha yana rawar ɗari, saboda kunyar waɗanda suka ba shi. Ka ce musu tun farko gudummawar ta masu buƙata ce, ko ka gama ko ba ka gama ba. Wannan zai bar maka kanka a sake ranar da za ka yanke hukunci mai wuya.

Horo

Wanda yake gudun kilomita 30 zuwa 40 a mako yana buƙatar wata huɗu zuwa shida kafin gudun kilomita 50 na tsauni. Wanda bai kai haka ba, ya fara da gajeriyar hanya ko ya shiga cikin tawaga. Akwai shirye-shiryen da aka gina a kan haka, kamar Oxfam Trailwalker na ƙungiyar agaji ta Oxfam, inda mutum huɗu ke cin kilomita 100 tare. Ya samo asali ne a Hong Kong a 1981 a matsayin atisayen sojojin Gurkha, wato 'yan Nepal da ke cikin rundunar sojan Birtaniya. Mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon sukari ko asma, da wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ya ga likita tukuna.

Ƙara nisa sannu a hankali, kamar kashi 10 cikin 100 a mako, kowane mako na huɗu kuma ka rage don jiki ya farfaɗo. Dogon gudun mako a auna shi da lokaci: daga sa'a biyu a kai shi huɗu ko biyar, a kan ƙasa irin wadda za a yi gudun a kai. Daga baya a riƙa haɗa kwana biyu a jere, misali sa'a huɗu yau, sa'a biyu gobe, don ƙafa ta koyi aiki a gajiye.

Ka koyi tafiya da sauri a hawa. Ko zakaru takawa suke yi inda hawan ya yi tsanani, hannu a kan cinya ko riƙe da sanduna biyu, taku gajere-gajere. Gudu a irin wannan wurin yana ƙona ƙarfi da yawa, ribarsa kuwa 'yan daƙiƙoƙi ne.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne gangara, alhali ita ke kayar da mutane. Lokacin saukowa, naman gaban cinya yana miƙewa ne yana riƙe nauyin jiki a lokaci guda, kamar birki, kuma hakan yana yayyaga ƙananan zaruruwan naman. Wanda bai saba ba, kafin a je kilomita 30 cinyoyinsa sun sandare, saukowa mataki ɗaya ma ya zama aiki. Maganin yana da sauƙi: jiki yana saurin sabawa. Gudun gangara sau ɗaya a kowane mako biyu, a fara da kaɗan, yana rage wannan ɓarnar sosai. A gajarta taku, a ɗan karkata gaba, ido a kan mita uku zuwa biyar da ke gabanka, hannuwa a buɗe don daidaita jiki. Inda babu tudu kusa, matakalar dogon bene ta wadatar, hawa da sauka, da jaka a baya. A haɗa da tsugunno da tsayuwa a ƙafa ɗaya sau biyu a mako don gwiwa da idon sawu.

Mako biyu zuwa uku na ƙarshe a rage horo zuwa kusan rabi. Abin da ba ka samu ba kafin nan, ba za ka same shi a makon ƙarshe ba, sai dai rauni.

Kayan da ke cikin jaka

Yawancin gudun tsauni suna da jerin kayan dole, kuma ana bincike. Mutane kan yi ƙorafin nauyi, musamman idan gari ya waye da rana. Ka tuna cewa ba don lokacin da kake gudu aka tilasta kayan ba, don lokacin da ka tsaya ne. Mai gudu jikinsa na samar da zafi. Da zarar ya zauna da targaɗe, rigarsa jiƙe da gumi, iska na kaɗawa, zafin jikinsa zai fara zubewa cikin 'yan mintoci. Ga shi kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Celsius. A ranar 22 ga Mayu, 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, ƙanƙara da ruwan sanyi da iska mai ƙarfi sun afka wa masu gudun kilomita 100 a kan tsauni. Cikin mutum 172 da suka tashi, 21 sun rasu, har da waɗanda suka fi kowa ƙwarewa. Da yawansu gajeren wando da 'yar riga kawai suke sanye da su.

Don haka, ko ba a tilasta ba, ka ɗauki rigar ruwa ta gaske mai hula, wadda aka like ɗinkinta. Riga mai dogon hannu ta ulu ko ta zaren roba, a ɗaure cikin leda don ta zauna a bushe. Hula da safar hannu. Da bargon ceto mai ƙyalli, ko ma wanda aka ɗinka kamar buhu a shiga ciki, don iska ba ta fizge shi. Kada auduga ta taɓa jikinka, ko riga ko safa: tana shan gumi ta riƙe, ta sanyaya ka, ta goge fata.

Sai tocilar goshi mai haske kamar lumen 300 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin hasken tocila), da batir na biyu, ko da kana sa ran gamawa da rana. Usur. Waya cike da caji, da hanyar a sauke cikinta yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba, da ƙaramin abin caji. Sanyi da neman sabis suna cinye batir da wuri. Taswirar takarda da kamfas, na'urar da ke nuna arewa, da sanin yadda ake aiki da su. Bandeji mai naɗewa, filasta, man shafawa na hana gogewa. Gorunan ruwa da za su ɗauki aƙalla lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da abincin ko-ta-kwana wanda ba za ka taɓa ba sai ta ɓaci.

Takalmi ya zama na daji, mai haƙora a tafinsa. Ka bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsun ƙafa, saboda ƙafa tana kumbura bayan sa'o'i, kuma a gangara yatsu na dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. Yanke farce kwana biyu ko uku kafin ranar. Takalmi, safa, jaka, abinci, duk sai an gwada su a dogon gudu tukuna. Ba a saka sabon abu ranar gudu.

Ci da sha

Abin da jiki ke ajiyewa na sukari a hanta da nama bai fi na sa'a biyu na aiki mai ƙarfi ba. Idan ya ƙare, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi duhu, mutum ya fara tuntuɓe da yanke shawarar banza. Don haka a fara ci tun cikin minti 30 zuwa 45 na farko, kafin yunwa ta zo. Abin nema shi ne gram 30 zuwa 60 na sitaci da sukari a kowace sa'a. Waɗanda suka horar da cikinsu suna kaiwa 90. Ayaba matsakaiciya tana da kusan gram 25, haka ma ƙaramin ƙunshin zaƙi irin na 'yan gudu. Ka ci kaɗan-kaɗan duk bayan minti 20 ko 30, a lokacin da kake takawa a hawa, don ya fi saurin zama a ciki. Bayan sa'a biyar ko shida zaƙi yakan gundure mutum, saboda haka ka tanadi abu mai gishiri. Idan zuciya ta fara tashi, rage sauri, kurɓi ruwa, ka jira minti goma. Yawanci jini ne ya bar ciki ya koma ƙafafu saboda ka matsa da yawa ko zafi ya yi yawa.

Ruwa kuwa, tsakanin mililita 400 zuwa 800 a sa'a ya ishi yawancin mutane, gwargwadon zafi da girman jiki, kuma ƙishirwa jagora ce mai kyau. An fi jin tsoron ƙarancin ruwa, amma yawansa ma yana kisa. Wanda ke ɗura ruwa a kowace tasha fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa yana tsinkewa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamominsa: ciwon kai, amai, kumburin yatsu har zobe ko agogo ya matse, ruɗewa. Abin haɗarin shi ne ana ɗaukar sa a matsayin ƙishirwa a ƙara wa mutum ruwa. Idan ka ga haka, a daina ba shi ruwa, a kira likita. Ƙwayar gishiri ba ta kare wanda ke shan da ya wuce kima.

Ruwan rafi, komai kyansa a ido, a tace shi ko a saka masa ƙwayar tsarkakewa, don ba ka san abin da ya mutu ko ya yi kashi a samansa ba. Kuma ka guji ibuprofen da danginsa a lokacin gudu. Ƙoda tana cikin matsi dama, waɗannan magungunan suna ƙara rage jinin da ke isa gare ta.

Ranar gudun

Kashi ɗaya cikin uku na farko, ka tafi a hankali har ka ji kamar kana ɓata lokaci. Ma'aunin shi ne ka iya magana da na kusa da kai ba tare da haki ba. Waɗanda suka wuce ka a hawan farko, da yawansu za ka same su zaune a tasha ta uku. A tasha kuma kada ka zauna sai da dalili: tun kafin ka isa ka tsara abin da za ka yi, cika gora, ɗauki abinci, duba ƙafa, wuce. Minti goma a tashoshi shida sa'a guda ce.

Da ka ji wani wuri a ƙafa yana zafi-zafi, tsaya nan take, share shi, manna filasta, fitar da tsakuwa, canja safa in ta jiƙe. Minti uku a nan sun fi sa'a uku na ɗingishi da bororo. Haka rigar ruwa: a saka ta tun iska ta fara sauyawa, kafin a jiƙe, kafin yatsu su ƙage su kasa jan zif.

Idan ka yi kamar minti biyar zuwa goma ba ka ga alamar hanya ba, tsaya. Koma inda ka ga ta ƙarshe. Kada ka bi na gabanka ido rufe, shi ma wataƙila ya ɓata, kuma kada ka yanke ta cikin kwazazzabo don kana hango fitilu a ƙasa. Ruwa yana bin inda mutum ba zai iya sauka ba. A cikin hazo ko duhu, ku haɗu biyu ko uku ku tafi tare. Idan tsawa ta taso, sauka daga kan ƙololuwa da doron tsauni, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe. Rafin da ya cika yana gudu har ya kai gwiwa, ba a tsallaka shi.

Sanyi yana shiga ne a ɓoye. Da farko rawar ɗari, sai magana ta fara sarƙewa, mutum yana tuntuɓe, yana kasa ɗaure igiyar takalmi, yana cewa lafiyarsa ƙalau. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi tsanani. A kai shi inda iska ba ta bugu, a cire jiƙaƙƙiyar riga a saka busasshiya, a shimfiɗa jaka a ƙarƙashinsa don ƙasa tana zuƙe zafi, a naɗe shi da bargon ceto har kai, a ba shi abu mai zaƙi idan yana iya haɗiya. Zafi ma haka yake ruɗa mutum: wanda jikinsa ya yi zafi rau, yana surutai ko tangaɗi, a sanyaya shi da ruwa nan take tun kafin masu ceto su iso. Neman taimako da usur ko tocila a tsaunuka: busa shida a jere, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Idan waya ba ta shiga, gwada saƙon tes, yakan fita inda kira ya kasa. Duk wanda ka tarar a kwance, tsayawa a kansa wajibi ne, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Ka yanke tun a gida abin da zai sa ka janye: ciwon da ke canja yadda kake taku, amai da ya hana komai zama na fiye da sa'a guda, jiri, ciwon ƙirji, fitsari mai launin baƙin shayi. Janyewa a tasha ake yi, a gaya wa ma'aikaci, a miƙa lambar gudun da aka ba ka. Wanda ya sulale ya tafi gida bai faɗa ba, ya tura masu aikin sa-kai su kwana suna nemansa a cikin duwatsu.

Hanyar da kake bi ta cikin gonaki da makiyayar wasu ta ratsa. Ƙofar shinge da ka buɗe ka rufe ta, dabbobi ka rage gudu ka kewaye su, ledar abincinka ta koma aljihu.

Bayan an gama

Saka busassun kaya tun kafin ka fara ɗaukar hoto, domin sanyi na kama mutum da zarar ya tsaya. Ci abinci cikin sa'a ta farko. Kada ka tuƙa mota mai nisa bayan ka kwana a kan hanya. Shirya wanda zai ɗauke ka tun kafin ranar. Ciwon cinya yakan fi tsanani a kwana na biyu, sannan ya lafa. Mako ɗaya zuwa biyu na tafiya kawai da barci ya isa kafin a koma gudu. Amma idan fitsari ya yi duhu ko ya ƙi zuwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, a tafi asibiti a ranar.

Cikin mako guda ka rubuta wa duk wanda ya ba da gudummawa: ga jimillar abin da aka tara, ga ranar da ya shiga asusun ƙungiyar, ga takardar shaida, ga inda ka kai a gudun, ko ƙarshe ne ko tasha ta huɗu. Ka bar shafin a buɗe na wasu makonni, don akwai masu bayarwa sai sun ga an yi. Bayan wata uku ko shida, nemi bayani daga ƙungiyar kan abin da aka yi da kuɗin, ka tura musu shi ma.